Za mu kai yarinya wurin likitan ƙwaƙwalwa a karon farko, me ya kamata in shirya?

Maman Husna (Agege): Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah maganar ta tsaya a nan. 'Yata ta biyu ce, shekararta 15, tana aji biyu na babbar sakandare. Tun bayan ƙaramar sallah yarinyar nan ta sauya mana. Wadda a da sai an roƙe ta ta yi shiru, yanzu sai ta wuni a ɗaki ba ta ce uffan ba. Abinci sai na tsaya a kanta. Da dare ina jin motsinta har wajen ƙarfe uku, da safe kuma tashinta aiki ne. Malamar ajinsu ta kira ni ta ce ba ta rubuta komai, sai kallon taga. Mun je asibiti an duba maleriya da taifot, babu ko ɗaya. Likitar ta ɗan yi mata tambayoyi, sai ta rubuta mana takarda zuwa sashen yara da matasa na asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, shi sashen a Oshodi yake. Talata mai zuwa za mu je in sha Allah. Me ake yi a can ranar farko? Me zan riƙa? Ita ban gaya mata ba tukuna. Ina tunanin in ce mata asibitin ido za mu, tunda dama tana yawan kukan ciwon kai.

Maman Affan: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Hajiya Babba (Mile 12): Innalillahi. Ke 'yar nan, Yaba fa kika ce? Kin san abin da mutanen garin nan ke nufi in sun ce an kai wane Yaba? Yarinya budurwa, gobe-gobe za a zo neman aurenta. Magana ɗaya ta fita, shi ke nan an liƙa mata suna har jikokinta. Ni a ganina wannan shafar iska ce ko kambun baka. Ki nemi malami na ƙwarai ya yi mata ruƙiyya, a haɗa da hayaƙi da man habbatus sauda, ki ga ikon Allah.

Maman Husna (Agege): Hajiya an yi wallahi. Ruƙiyya an yi, rubutu ta sha, kakarta ma ta aiko da wani jiƙo daga gida. Ba na cewa bai yi amfani ba, amma yarinyar kullum ƙara ramewa take.

Anti Rabi nas (Idi-Araba): Maman Husna, sannu da ƙoƙari. Zan fara da maganar asibitin ido, don ita ta fi damuna. Kada ki yi haka, 'yar uwa. Yarinya mai shekara 15 da ke karatu a Legas, tana ɗaga kai za ta karanta allon da ke bakin ƙofa. Daga wannan minti ta gane an yaudare ta, kuma duk wanda ta tarar a ciki za ta ɗauka bakinku ɗaya. Aikin likitan nan kusan duka magana ce. Ba shi da na'urar da zai ɗora mata a kai ta nuna masa damuwa. In ta rufe baki, kun yi asarar kuɗin mota da wunin ku.

Ki zauna da ita tun yau ko gobe, ba daren Litinin ba. Ki ce mata kin lura ba ta barci, ba ta cin abinci, ba ta jin daɗin ranta, kuma akwai likitocin da aikinsu ke nan. Ki gaya mata hira za a yi, kuma tare za ku je. In ta tambaye ki ko kin ɗauka ta haukace ne, ki ce mata a'a kai tsaye, ba tare da kwana-kwana ba.

Hajiya Babba (Mile 12): To in ta ce ba za ta je ba fa? Yaran yanzu?

Anti Rabi nas (Idi-Araba): Sai a lallaɓa, Hajiya. A ce mata ta zo ta ji abin da za su ce, in ba ta son amsa wata tambaya ba wanda zai matsa mata. Da yawansu suna ƙi da baki amma a ransu sun gaji, suna jiran wanda zai lura da su.

Baban Walid (Ketu): Salam. Ni na bi wannan hanya da yarona, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Abu na farko, ku yi sammako. Daga Agege zuwa Oshodi ba nisa ba ne a taswira, amma kowa ya san yadda hanyar nan take da safe. Ku ware wunin gaba ɗaya, ku ci abinci kafin ku fita, ku riƙe ruwa. Za a buɗe kati, a auna nauyi da hawan jini, sannan jira. A kan bencin jiran nan na ga abin da ya kwantar min da hankali: yara ne cikin kayan makaranta, wata uwa tana ɓare wa ɗanta lemo, wani matashi da belun kunne yana danna waya. Ba ihu, ba sarƙa, ba irin abin da nake hasashe tun daga gida.

Da muka shiga, tambayoyin sun koma baya sosai, har zuwa cikinsa. Yaya haihuwar ta kasance, ya yi kuka da aka haife shi, yaushe ya fara tafiya, yaushe ya fara magana, ya taɓa suma ko jijjiga, ya taɓa buguwa a kai. Ni dai shiru na yi, uwarsa ce ta amsa duka. Shi ya sa nake ganin in da hali uwa ce ya kamata ta je, ba a tura yayarsa ko ƙanin uba ba. Sai aka zo kan tambayar da ta sa muka kalli juna ni da ita: a danginku akwai wanda ya taɓa irin wannan? Akwai wani baffana a gida da ba a ambatar lalurarsa a gaban baƙi. Na faɗa. Likitan ya rubuta ya wuce tambaya ta gaba, ko girarsa bai ɗaga ba.

Maman Husna (Agege): Baban Walid na gode ƙwarai. Wannan ta dangi kam tana da nauyi. A ɓangaren babanta akwai wata, amma in ya ji na faɗa a waje...

Baban Walid (Ketu): Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Maman Husna. Ba sunanta za su tambaya ba, alaƙa kawai da irin abin da ya same ta, da maganin da ya yi mata aiki in an sani.

Malam Auwal (Alaba Rago): Assalamu alaikum. Ina son in yi magana a kan abin da Hajiyarmu ta kawo, cikin girmamawa. Ruƙiyya gaskiya ce, addu'a makamin mumini ce, ba mai ja. Amma ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Ba a ware ƙwaƙwalwa daga cikin gaɓoɓi ba. Ni ina koyarwa a Islamiyya, yaran da ake kawo min a ce iska ce, wasu da na zauna da su sai in tarar dukan gida ne, wasu tsangwamar makaranta, wata kuma wani babba ne yake taɓa ta ta rasa wanda za ta gaya wa. A ci gaba da azkar da karatun Alƙur'ani a gida, a kuma je asibiti. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne mai ruƙiyyar da zai ɗauki bulala ya ce aljani yake duka. Jikin yarinyar ne ke karɓar dukan. Mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane, har da yara, wasu ɗaure da mari da sunan gyaran tarbiyya.

Hajiya Babba (Mile 12): Malam ni ban ce a daki kowa ba. Ina magana ne a kan sunan yarinya.

Anti Rabi nas (Idi-Araba): Maganar suna gaskiya ce Hajiya, mutane ba su da kirki a wannan fanni, ba zan musa ba. Amma ki duba, fayil ɗin asibiti ba ya yawo a unguwa. Abin da ke yawo shi ne a ga yarinya ta daina zuwa makaranta, ta rame, a ga malamai suna shiga suna fita da hayaƙi. Wannan ai kowa a layi ya riga ya gani. Kuma ƙasar ma ta motsa: tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada an maye gurbinta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, kuma ta yi magana a kan haƙƙin mara lafiya da kare shi daga wulaƙanci. Asibitin Yaba kansa tun 1907 yake, a matsayin gidan tsare masu taɓin hankali ya fara, daga nan sunan ya samo tsoron da yake da shi. Yanzu asibitin tarayya ne da ake horar da likitoci. Wanda kuma sunan ya tsaya masa a rai, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba, akwai a asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja. Amma tunda an ba ku takarda zuwa wurin da ya keɓanta da yara da matasa, ni da zan bi ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ki ƙirga yaran ajin Islamiyya ɗaya ki gani.

Maman Affan: Ɗaya cikin bakwai? Subhanallah.

Anti Rabi nas (Idi-Araba): Sai maganar abin da za ki riƙa. Takardar da likita ta ba ki da sakamakon gwaje-gwajen da aka yi. Katin sakamakon makaranta na bara da na bana, don a ga inda aka fara gangarowa. Duk wani magani da take sha, ki zuba a leda da kwalinsa, har na ciwon kai da kike saya a kemis, har jiƙon kakarta. Kada ki ji kunyar jiƙon, sun saba gani, kuma suna buƙatar sani saboda wasu abubuwan ba sa haɗuwa da maganin asibiti. Sannan ki samu ƙaramin littafi daga yau ki riƙa rubutawa: ƙarfe nawa ta kwanta, ƙarfe nawa ta tashi, me ta ci, ta yi kuka ko ba ta yi ba, yaushe al'adarta ta zo. Ki yi ƙoƙarin tuna abin da ya faru gab da ta sauya. Rasuwa ce, ƙaura ce, faɗa da ƙawa ne, an ƙwace mata waya ne, an yi maganar aure ne? A gaban likita kai yana ɗaukar zafi, sai kin dawo gida ki tuna abin da ya fi muhimmanci.

Kuma ki shirya ranki, akwai lokacin da za a ce ki ɗan fita a gana da ita ita kaɗai.

Hajiya Babba (Mile 12): A'a, nan kam ban yarda ba. Uwa ta ɗauki ciki wata tara, ta yi naƙuda, sannan wani baƙo ya ce ta fita zai yi sirri da 'yarta? Wane sirri ne yarinya take da shi da uwarta ba za ta ji ba? Wannan tarbiyyar Turawa ce.

Baban Walid (Ketu): Hajiya ni ma da aka ce in fita raina ya sosu, ba zan ɓoye ba.

Zee: Salam iyayena. Ni ƙarama ce a nan, ku yi haƙuri da shigowa maganar manya, amma ni aka taɓa kaiwa ina sakandare, yanzu ina jami'a. Hajiya, da girmanki, ba wai muna ɓoye wa iyaye don ba ma son su ba ne. Kunya ce da tausayi. Mamata tana zaune a gefena, idonta ya yi ja, hannunta na rawa a kan jakarta, likita ta tambaye ni ko na taɓa jin gara a ce ba na raye. Ta yaya zan ce e a gabanta? Cewa na yi a'a. Sai da ta fita aka sake tambayata na iya faɗa. Kuma mu Hausawa akwai abin da ba ya fita daga bakin 'ya a gaban uwa ko da wuƙa a wuya, kowa a nan ya sani. Likitar ta gaya min tun farko cewa abin da na faɗa zai tsaya tsakaninmu, sai dai in rayuwata ko ta wani tana cikin haɗari, nan dole ta sanar da Mama. Kuma ta sanar da ita, amma a gabana, bayan mun shirya yadda za a faɗa.

Abu ɗaya nake roƙon Maman Husna: a hanyar dawowa kada ki tambaye ta me ta ce musu. In kin matsa, zuwa na biyu ba za ta faɗi komai ba.

Malam Auwal (Alaba Rago): Allah ya yi miki albarka 'yata. Hajiya, damuwarki ta keɓewa tana da gurbi a shari'a, kuma tana da mafita. A nemi likita mace in akwai, in babu a roƙi nas mace ta zauna a ɗakin. Wannan haƙƙi ne a nema, ba rashin kunya ba ne.

Hajiya Babba (Mile 12): To in da mace a ɗakin da sauƙi. Amma ni har yanzu raina bai kwanta da tambayar yara maganar mutuwa ba. Ba sa musu tunanin a kai ake yi ba?

Anti Rabi nas (Idi-Araba): An yi bincike a kan wannan sosai Hajiya, tambaya ba ta dasa tunanin. Wanda ba shi da shi zai ce babu, wanda yake da shi kuma yakan ji sauƙi an buɗe masa ƙofa. Tunda maganar ta zo, Maman Husna, ki amsa min a nan ko ta akwatin sirri: ta taɓa cewa ta gaji da rayuwa, ko kin ga wani rauni a jikinta da ba ki gane ba?

Maman Husna (Agege): Ba ta faɗa ba. Amma kwanakin nan ko a cikin gida, da wannan zafin na Legas ba wuta, ba ta cire riga mai dogon hannu. Rannan na kama hannunta zan sa mata lalle ta fizge. Jikina ya yi sanyi tun lokacin.

Anti Rabi nas (Idi-Araba): To ki saurare ni da kyau. Wannan ki faɗa wa likita da bakinki, ko da ita ba ta faɗa ba. Kada ki tuɓe ta da ƙarfi don ki duba, kada ki yi mata faɗa ko ki ce ta jawo miki abin kunya. Yau ɗin nan ki tattara magungunan gidan da su fiya-fiya da duk maganin ƙwari ki kulle inda ke kaɗai ke da makulli. Ki rage barinta ita kaɗai, ko da za ki ce ta dawo ɗakinki da kwana saboda zafi. In kuwa ta furta cewa za ta cutar da kanta, ko ta sha wani abu, ko ta fara maganar da ba kai ko tana jin muryoyi, ba a jiran Talata. Sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko ki kira lambar gaggawa, 112 ko 767. Zan kira ki bayan la'asar.

Maman Affan: Ya Allah ka dubi wannan baiwa taka. Muna tare da ke Maman Husna.

Baban Walid (Ketu): Wani abu da ba a ambata ba: harshe. Yawancin ma'aikatan Turanci ne da Yarbanci da Burokin. In Turancinki bai kai ki bayyana abu mai zurfi ba, ki tafi da babba guda da kika amince da bakinsa. Kada ki sa yarinyar ta zama ita ce tafinta, a ce tana fassara ƙorafin da ake yi a kanta. Kuma kada ki ɗauki maƙwabciyar da labari ba ya kwana a cikinta.

Za su iya neman gwajin jini, wani lokaci har da na fitsari don duba ƙwaya. Kada ki ɗauka zargi ne. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 ba a daina samun yara da tiramol da sauransu ba, don haka kusan kowa ake tambaya.

Anti Rabi nas (Idi-Araba): Haka ne. Gwajin jinin ma yana da dalili, ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna iya kawo kasala da sauyin hali da ke kama da ciwon damuwa.

Maman Husna (Agege): Babban tsorona magani ne. Ana cewa in an fara ba a dainawa, yaro ya koma yana tafiya kamar gunki yana dalalar da miyau. Babanta ma abin da ya kafa hujja da shi ke nan. Yana can Oko-Oba wurin sana'arsa, ya ce in je in ji amma kada in bari a yi mata allura.

Anti Rabi nas (Idi-Araba): Ba kowa ake ba magani ranar farko ba. Wani lokaci sai an sake ganinku kafin a ma sa wa abin suna. In damuwar ba ta yi tsanani ba, da zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam ake farawa. In an ga sai da magani, irin wanda ake ba matasa masu ciwon damuwa daban yake da wanda mutane ke gani a jikin masu tsananin taɓin hankali suna ba da labari. Yana ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsa, a makonnin farko ana sa ido sosai a kan yaro, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ga sauƙi, likita ne ke rage shi a hankali. Ke ce uwa, sai an yi miki bayani kin amince. Kafin ki tashi daga kujerar nan ki tambaya: me kuke zaton yana damunta, menene sunan maganin, wace illa zan sa wa ido, yaushe za mu dawo, ina zan nufa in abu ya taso da dare. Ki rubuta amsar a littafin nan naki.

Baban Walid (Ketu): Maganar maigida kuma, ki bar min. In kin yarda ki turo lambarsa ta hannun Malam, mu yi magana namiji da namiji. Wani abin daga bakin mace ba ya shiga kunnenmu, Allah ya shirye mu. In ya samu ya je ko sau ɗaya ya ga wurin da idonsa, rabin gardamar ta ƙare.

Malam Auwal (Alaba Rago): Na amince, a turo.

Hajiya Babba (Mile 12): Ni dai na ji duk bayananku, Allah ya sa a dace. Amma ina nan a kan bakana a abu ɗaya: dangin uba kada su ji, ƙawayenta kada su ji. Kuma a ci gaba da tofi safe da yamma.

Zee: Wannan kam Hajiya ina bayanki. Ita ya kamata ta zaɓi wanda zai sani.

Maman Husna (Agege): Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yau da dare zan zauna da ita in ƙannenta sun yi barci. Tambaya ta ƙarshe, ranar Talata akwai makaranta, kuma suna da gwaji a satin. Me zan ce wa malamarsu?

Anti Rabi nas (Idi-Araba): Ki ce tana da ganin likita, ya wadatar, ba sai kin faɗi wane iri ba. A asibitin ki nemi su ba ki takardar shaidar zuwa ki kai makaranta don a ba ta damar rama gwajin. In daga baya likita ya ga ana buƙatar jin ta bakin malamarta ko a sassauta mata wani abu a aji, zai faɗa miki, sai ku shawarta da yarinyar abin da za a rubuta.